Prime number: ni dai na tsaya a kan "gagara-rabo"

Jama'a, ku taya ni neman suna. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, ya gano wata lamba a ƙarƙashin GIMPS, shirin masu sa kai da ke farautar manyan lambobi da kwamfutocinsu: ka jera 2 har sau 136,279,841, ka ninka su da juna, ka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. In kana rubuta alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai ka cinye shafi fiye da 13,000. Na zo ba ƙanena labarin, sai harshena ya sarƙe a kan abin da Bature ke kira prime number, wato sahun da wannan lamba take ciki.

Mu je wajen mai tumatir. Ba ta guda 12, za ta kasa su kashi 2, ko 3, ko 4, ko 6, kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Ƙara mata ɗaya su zama 13, duk yadda ta juya sai wani ya yi saura, sai dai ta bar su tuli guda ko ta jera su ɗai-ɗai. To, irin su 13 ɗin nan muke nema wa suna.

Wasu na cewa "lambar farko", kamar yadda Larabawa ke cewa adad awwali. Matsalar, duk yaron da ka tambaya lambar farko zai ce maka 1, alhali masana lissafi sun fitar da 1 daga wannan sahu. Tun a ƙofa ke nan an ɓatar da ɗalibi.

"Mara" kuma tana da aikinta tun zamanin wasan cika ko mara. 91 mara ce, kallo ɗaya za ka rantse ba ta rabuwa, amma 7 sau 13 ce. Ita kuwa 2 cika ce, kuma tana cikin sahun, ita kaɗai a duk cikakkun lambobi.

Na so in ce "gagara-kashi", daga kasawar mai tumatir. Da na rubuta na karanta, sai na tuna ba ma sa alamar karin sauti a rubutu. Ajin 'yan firamare zai watse da dariya.

Shi ya sa na koma "gagara-rabo". Ginin kalmar namu ne, sahun gagara-badau da gagara-gasa. Na san za a ce ai tana rabuwa da 1 da kuma kanta. Haka ne, amma wanda ya kwashe goro duka shi kaɗai, wa zai ce ya yi rabo? Kishiyarta, irin su 12 da 91, a ce mata "rababbiya". Ita kuma ta Durant, tunda danginta, waɗanda ake samu in an jera 2 an ninka an cire 1, na ɗauke da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17, sai mu ce gagara-rabon Mersenne.

Jam'in ne ya tsaya mini a wuya. Malaman lissafi, mu bar shi "lambobi gagara-rabo", ko kuna da wanda ya fi daɗi a baki?