Abin da aka tsayar a hirar fansho a Jidda

Bayan sallar isha'i muka baje kan darduma a gidan wani dattijo a Jidda, shayi na zagawa, hira ta gangara kan haƙƙin tsofaffin sojoji. Cikinmu akwai wani baba da ya yi soja a Najeriya. Takardar sallamarsa na ƙunshe cikin leda, ta yi ja saboda tsufa.

Yawancinmu mun tsaya kan cewa kuɗin tsofaffin sojoji sai an ɗaure shi da doka, don alkawarin baki iska ne. Wani ɗalibi ya kawo misalin Amurka: tun 2009 doka ta sa ana amince da kuɗin asibitocin tsofaffin sojoji shekara guda gaba, ko 'yan majalisa sun yi rigima kan kasafi, magani ba ya yankewa. Wannan ya burge ni. Sai dai baba ya ce kuɗi ba likita aikin banza ne, a sa doka ta hana rage ma'aikata barkatai. Gaskiyarsa.

Kan Najeriya, an tuna cewa gyaran dokar fansho na 2011 ya cire sojoji daga tsarin adashen fansho, kuma sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a duba fansho duk shekara biyar. A riƙa tuna wa 'yan majalisa wannan a rubuce, ta hanyar ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Tsofaffin sojojin da ke zaune a nan Jidda kuwa, aka ce su ɗauki hoton takardunsu a waya, kada lokacin tantance 'yan fansho ya wuce su.