Muhawara: Shin aikin iyaye ne su nemo wa yaro abin yi a gida?

Uwar yara uku: Jama'a, ga wata magana da na san ba kowa zai yarda da ita ba, amma ina nan a kanta. Idan yaronki ɗan firamare ya zo ya tsaya a kanki yana cewa "Mama na gaji da zama, me zan yi?", ba aikinki ba ne ki nemo masa abin yi. Ki ce ya je ya nemo da kansa. Mun mayar da kanmu masu ɗebe wa 'ya'yanmu kewa, tun safe har dare ana tsara musu wannan ana tsara musu wancan, shi ya sa za ki ga yaro ɗan shekara tara ba ya iya zama shi kaɗai ko na minti goma. Gundura ba ciwo ba ce. A bar shi zaman ya ishe shi, zai motsa.

Uwar ɗa ɗaya: Yaya, naki uku ne. In ɗaya ya gaji sai ya tsokani ɗan'uwansa, wasa ya tashi. Nawa shi kaɗai ne, ɗan shekara takwas, gidan ba fili, ni kuma a gida nake aikina. In na ce ya je ya nemo, abin da zai nemo shi ne wayata. In na hana, sai tsalle daga kujera zuwa kujera, ko in tarar ya zane bango da biro. Ki faɗa min, wannan ne motsin da kike nufi?

Uwar yara uku: Ƙanwata, zanen bangon nan ai shi ne shaidata. Hannunsa na neman aiki, bai sami wurin yi ba ne. Ban ce a bar shi a ɗakin da ba komai ba. Ki ajiye masa babban kwali, ki zuba almakashi mara tsini, gam, zare, tsofaffin jaridu, marafan kwalba, takardu da fensir. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki ce masa "yau ka haɗa jirgi". Kayan naki ne, shawarar tasa ce.

Malamin firamare: Hajiya, rabin maganarki na karɓa, rabin kuma ban karɓa ba, kuma ni ne nake ganin yaran nan ranar da aka dawo daga dogon hutu. Ba yaron da zai tashi da safe ya ce yau bari in yi lissafin rabawa don kaina. A shekarar 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, shi da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan dogon hutu, suka ga a matsakaicin ƙiyasi yaro na asarar abin da ya kai na kusan wata ɗaya na karatu, kuma asarar ta fi yawa a lissafi da rubuta kalmomi daidai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗannan abubuwa ne da suke zama da maimaici, in an daina sai su zube. Saboda haka akwai abin da ba a bar wa zaɓin yaro. Minti ashirin na karatu da murya a gaban babba, da 'yan tambayoyin lissafi, kullum, a lokaci guda da ya sani. Bayan nan ki sake shi.

Uwar yara uku: Malam, ni ma ga nawa binciken. A 2014 masu bincike a Jami'ar Colorado sun duba yara 70 'yan shekara shida zuwa bakwai, iyayensu suka rubuta yadda suke cinye lokacinsu. Yaran da suka fi samun lokacin da ba babban da ya tsara musu, su ne suka fi iya tsara tunaninsu da kansu idan an ba su aiki ba tare da an nuna musu ta inda za su fara ba. Waɗanda kullum suke cikin darasi da horo sun fi rauni a wannan fanni. Abin da nake faɗa ke nan.

Malamin firamare: Na san binciken. Amma alaƙa ya nuna, bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Yana iya yiwuwa yaron da dama ya iya kula da kansa shi ne iyaye suke sakar wa mara, ɗayan kuma a cika masa lokaci don an ga ba ya iyawa. Kuma minti ashirin ɗin da na roƙa ba shi zai cinye masa yini ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ku yi haƙuri in shigo, don kun tsallake jiki kun tafi ƙwaƙwalwa. 'Yar'uwa mai ɗa ɗaya, yaron da yake tsalle a kan kujeru yana gaya miki wani abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar a matsakaici minti 60 a rana na motsa jiki mai sa numfashi ya ƙaru, kuma aƙalla kwana uku a mako a haɗa da wanda yake ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su gudu da tsalle da hawa. Yaron da bai yi wannan ba, ko kwali goma kika ajiye masa ba zai zauna ba. Da yawa daga abin da muke kira ƙiriniya, ƙarfi ne da bai sami hanyar fita ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Sannan akwai ido, wanda iyaye ba sa kawowa a rai. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kusan kashi 30 cikin ɗari suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. An wallafa wannan a 2015. Taiwan ma tun 2010 take ƙarfafa makarantu su fitar da yara waje minti 120 a rana saboda wannan dalili. Ana ganin hasken waje ne ke taimakon ido. Don haka duk shirin da za a yi na riƙe yaro a gida, in ba fita a ciki, ni a wurina da saura. In ba fili, igiyar tsalle a bakin ƙofa ko tafiya tare da ke da yamma ta fi babu.

Wani uba: Ni dai ba na son yadda ake ɗaukar waya kamar guba. Ɗana daga bidiyo ya koyi naɗa takarda ta zama tsuntsu, daga nan ya koyi haɗa batir da ƙaramin ƙwan fitila ya kama. Ni ban iya waɗannan ba balle in koya masa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2016 ta daina kafa iyakar awa biyu a rana na kallon waya da talabijin ga yaran makaranta, ta ce kowane gida ya yi nasa tsarin.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma ka ƙarasa. Likitocin sun kuma ce kada a riƙe waya lokacin cin abinci, a ajiye ta awa ɗaya kafin barci, kuma kada ta kwana a ɗakin yaro. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ka lura da abin da ɗanka ya yi: ya kalla, ya ajiye wayar, ya ɗauki takarda. Wancan daban yake da bidiyon da in ɗaya ya ƙare wani ya fara da kansa, wanda an gina shi ne don kada a ajiye.

Uwar yara uku: Nan ne ma nake cewa maganata ba ta aiki in waya tana kusa. Gundura ba ta samun damar yin aikinta, da ta taso sai a kashe ta da latsawa ɗaya.

Kakan yara: 'Ya'yana, na saurare ku duka. Kuna ta jayayya tsakanin a tsara masa da a ƙyale shi, kun manta hanya ta uku, wadda ita ce ta fi daɗewa: a ja shi cikin aikin da babba yake yi. Yaro namiji a wannan shekaru ba abin da yake so kamar a ɗauke shi da muhimmanci. Jikana ya zo min hutu yana ta ƙorafin ba abin yi. Na ɗauko tsohuwar tocila da ta daina kamawa, na miƙa masa sukudireba, na ce ya buɗe mu ga ciwonta. Na nuna masa ya jera duk abin da ya kwance a kan tsumma, bi da bi, don ya san yadda zai mayar. Ya ga tsatsa a wurin da batir yake taɓa ƙarfe, ya kankare a hankali, harshensa a waje tsabar mai da hankali. Ni ban taɓa komai ba, ina gefe ina nawa aikin. Da fitilar ta kama ya zagaya gidan yana haska wa kowa. Tun daga nan duk abin da ya lalace shi ake kira, sai dai na kafa masa doka: abin da ake jonawa da wutar lantarki ba ya taɓawa sai ina wurin.

Kuma ku iyaye mata, ku daina ware ɗa namiji daga shara da wanke-wanke da ninke kaya. Hannunsa lafiya lau yake.

Malamin firamare: Baba, ka taɓo inda ya dace. Maria Montessori, masaniyar tarbiyyar yara 'yar Italiya, da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, cikin abin da ta gina tsarinta a kai har da wannan: shara, goge tebur, zuba ruwa ba tare da zubarwa ba, da kayan aiki na gaske daidai hannun yaro. In yaro ya auna tsawon ɗaki da awo don a san inda za a sa gado, ai lissafin da nake nema ya yi.

Wani uba: To a riƙa biyansa ne in ya yi aikin? Ni na kan ba nawa ɗan wani abu.

Malamin firamare: Aikin gida na yau da kullum ni ba na goyon bayan biya, domin gidansu ne. Abin da ya fi muhimmanci, kada ka biya shi a kan abin da dama yake so. A 1973 masu bincike a Jami'ar Stanford sun yi wa wasu ƙananan yara masu son zane alkawarin lambar yabo in sun zana. Daga baya, da aka ajiye kayan zanen ba alkawari, waɗannan yaran sun rage zane fiye da waɗanda ba a yi musu alkawari ba. In ɗanka na son haɗa fitilarsa, ka saya masa batir, ka tsaya ka kalla in ya kira ka. Ya wadatar.

Uwar ɗa ɗaya: Na ji fita, na ji karatu, na ji kwali da tocila. Amma Yaya, har yanzu ba ki amsa min abin da ya fi damuna ba. Tsakanin lokacin da na ce "a'a, ba waya" da lokacin da zai ɗauki almakashin, akwai naci da kuka da bin mutum ɗaki zuwa ɗaki. Ni kuma aiki na jirana. A nan ne nake karaya.

Uwar yara uku: A nan kowa yake karaya, ƙanwata, ba ke kaɗai ba. Kada ki kore shi, kada kuma ki yi ta ba shi shawarwari, don duk wadda kika kawo zai ce ba ya so. Ki ce masa, "Na ji ka gaji. Ina aiki har doguwar allurar agogo ta kai kan sha biyu, daga nan ni taka ce." Ki nuna masa agogon, kuma ki cika alkawarin ko da minti goma sha biyar ne. Ki bar shi ya kawo kwalinsa kusa da ƙafarki, yaro shi kaɗai ya fi zama in yana jin motsin babba. Sannan in ya fara gina wani abu, kada ki sa ya rushe da dare don a gyara ɗaki. Ki ba shi kusurwa ɗaya da ba mai taɓa masa, gobe da ya tashi can zai nufa.

Malamin firamare: Bayan ya yi karatunsa dai, Hajiya.

Uwar yara uku: Ni da yamma zan sa karatun, Malam, bayan ya fita ya dawo. Da safe hankalinsa na kan abin da ya bari a kusurwa.