Sa ido ko ƙanƙane harka: ina bambancin yake?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ce gwamnati ta cire hannunta daga harkar waya, amma a Janairun 2025 sai da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince kafin a ƙara kuɗin kira da data. To ina cire hannun? Don Allah a warware mini.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki sarkin kasuwa. In yana zagayawa yana duba mudu kada a ƙware mai saye, sa ido ke nan. In ya ce shi kaɗai zai sayar da gero, kuma shi zai yanke farashi, ya ƙanƙane kasuwa. NITEL, tsohon kamfanin waya na ƙasa, ita ce misali na biyu: gwamnati ce mai kamfanin, ita ce mai doka, kuma layukan ƙasar kaf ba su kai rabin miliyan ba kafin 2001. A shekarar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne. Jari da riba da asara suka koma wuyan kamfanoni, hukumar ta riƙe lasisi da rabon zangon sadarwa da tara. Shi ya sa a 2015 ta ci MTN tara kan layuka sama da miliyan 5 marasa rajista, naira 200,000 kowane layi, daga baya aka daidaita kan naira biliyan 330.

Hajiya Mai Lissafi:
Gaskiya ne Injiniya, amma tambayar Malam tana nan. Kamfanonin sun nemi ninki, NCC ta ce kada ƙarin ya wuce kashi 50 cikin 100. Wannan iyaka ce ta sama, a ƙarƙashinta kowa na iya rage nasa don jan masu saye. Haɗarin shi ne a daɗe ba a taɓa iyakar ba alhali dizal da dala suna hawa: sai a daina gyaran turakun sabis, kira ya riƙa yankewa.

Baba Manomi:
Ku dubi gyaɗa, 'ya'yana. A da, hukumar sayen amfanin gona ce ta ƙanƙane harkar: ita ke yanke farashi, dillalanta masu lasisi kaɗai ke saye don fitarwa, rarar kuɗin kuma ta shiga baitulmali. Manomi ba shi da wani mai tayi. In farashin Nijar ya fi, buhuna su tsallaka iyaka da dare. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun ƙara dagula lamarin, kuma kafin a rushe hukumomin a 1986 dalar gyaɗar Kano ta riga ta ɓace.