Ko ana ɗaukaka ƙara idan aka ce ƙirƙira ba sabuwa ba ce?

Maƙerin Suame: Assalamu alaikum. Na ƙera wani maƙalin ƙarfe da ke riƙe laima a jikin keken jan sandunan golf, kuma 'yan wasa a nan Kumasi sun yaba da shi. Ina son neman takardar mallakar ƙirƙira, sai dai an ce mini akwai irinsa a Amurka. Idan aka ƙi ni saboda haka, ina da damar ɗaukaka ƙara?

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dama tana nan, domin a ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira ta Gana ta 2003, mai lamba 657, ana ƙalubalantar hukuncin magatakarda, wato jami'in da ke rajistar ƙirƙira, a Babbar Kotu. Amma ka sani cewa ba a ƙasa ɗaya ake auna ko ƙirƙira sabuwa ce ba. Duk abin da aka taɓa bayyana wa jama'a a ko'ina a duniya, a rubuce ko ta hanyar amfani, yana iya rushe buƙatarka, ko da ba ka taɓa ganinsa ba. Kayan golf kuwa sun daɗe da cika rumbun rajista: tun 1899 George Grant, likitan haƙori a Boston, ya sami takarda a kan ɗan turken da ake ɗora ƙwallo. Saboda haka alƙali ba zai dubi wahalar da ka sha ba, zai ɗauki iƙirarin da ka rubuta game da maƙalinka ya gwada shi da tsohuwar takardar abin da aka ce irinsa ne, sashe bayan sashe, kuma idan akwai sashe guda da babu shi a can, ba za a ce abu ɗaya ne ba.

Hajiya ta Nima: Malam, a gafarce ni, akwai saura. Ko an yarda sabo ne, ana iya ƙin sa idan duk wani maƙeri gwani zai iya tunaninsa cikin sauƙi, kuma a ganina nan ne ƙananan kayan ƙarfe suka fi faɗuwa. Ni da zan ba da shawara, ya nemi takardar ƙaramar ƙirƙira, wadda ba ta buƙatar wannan sharaɗi, ko da yake shekara 7 take yi maimakon 20.

Maƙerin Suame: Na gode, Hajiya. Na riga na sayar da wasu, wannan zai ɓata mini?

Malam na Aboabo: Doka ta ba ka wata 12 ka shigar da buƙatarka daga ranar da ka fara bayyana shi, don haka ka duba ranar cinikin farko kafin ka ga lauya.