Wai me za mu kira dokumentari da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Jiya ina ba ƙanwata labarin wani fim da na kalla kan makaɗan kora, wani abin kiɗa mai tsarkiya na ƙasar Mali, sai ta ce, "Yaya, waye jarumin?" Na ce ai babu jarumi, dokumentari ne. Ta yi mini kallon ban gane ba, ni kuma bakina ya rasa kalma.

Na san wasu za su ce "fim ɗin tarihi". Ban yarda ba. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, daga littafin Tafawa Ɓalewa, shi ma ai tarihi ya taɓo, amma 'yan wasa ne suka sa kaya suka kwaikwaya. Haka fim ɗin Sarraounia na Med Hondo da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a 1987. In waɗannan suka ɗauke sunan, me ya rage wa wanda ya dasa kyamara a gaban tsoho yana ɗaure tsarkiyar kalangu?

Wani dattijo ya tuna mini da majigi, wato motar da ke yawo gari-gari zamanin Turawa tana haska finafinan wayar da kai a fili. Kalmar ta yi mini daɗi, sai dai yau na'urar haskawa ake nufi da ita. "Shirin gaskiya da gaskiya" kuwa ya cika baki, kuma alƙawari ne babba: mai yanka hotuna shi ke zaɓar gaskiyar da za ka gani.

Da farko zuciyata ta kwanta da "fim ɗin ganau", tun da gani ya kori ji. Can sai na tuna da hajjin Mansa Musa, sarkin daular Mali, na 1324. Wa ya rage da ya gani? Mai fim a kansa sai dai ya bi rubuce-rubucen Timbuktu, da bakin maroƙa, da kufai. Duk jiyau ne.

Shi ya sa na tsaya a kan "fim ɗin shaida". Shaida ta haɗa mutumin da ya gani, da takarda, da tsohon faifan waƙa. Tushen kalmar dokumentari ma daga takardar shaida yake. Na gwada ta a kan ƙanwar tawa, ta ce, "Au, wanda ba wasa ba?" Malaman Hausa da 'yan Kannywood, ko kuna da wadda ta fi ta?