Wane suna za mu ba furen da Turawa ke kira bayolet?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Shekara uku ke nan ina rainon wani ɗan tsiro a gindin bishiyar piya a gidanmu na Rayfield a Jos, amma duk sanda Inna ta ce "wannan ɗin fa mene ne?" sai in rasa ta cewa. Turawa na ce masa bayolet, masana tsirrai kuma Viola odorata. Asalinsa ɗan daji ne a Turai da yammacin Asiya. Tsayinsa bai kai taƙi ba, ganyensa kamar zanen zuciya, furen kuma 'yan kunnuwa biyar gare shi, na ƙasan da wata 'yar jaka a baya inda ruwan zaƙi ke taruwa. Ba shukar shekara ɗaya ba ce. Yaɗo yake yi a saman ƙasa kamar sitiroberin gonakin Vom, ka ciri reshe mai saiwa ka dasa, ya kama. Inuwa yake so da ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa sanyin Jos ya karɓe shi.

Wata 'yar'uwa daga Bukuru ta ce mu kira shi furen shunayya. Yaya, na gode, amma ban gamsu ba. Akwai irinsa mai farin fure, sannan furanni masu launin shunayya sun cika gari. Wannan ruɗanin ne ya sa wani mai sayar da furanni a bakin titi ya taɓa miƙo mini wanda ake kira bayolet ɗin Afirka, mai kaurin ganye da gashi-gashi. Shi kuwa daga duwatsun Usambara na Tanzaniya yake, wani Bajamushe ya aika da irinsa Turai a 1892, kuma ko dangi ɗaya ba su haɗa ba. Launi ne kawai ya gama su.

Wani ƙanina ya kawo Sunkuyau, don furen kullum kansa a sunkuye kamar amarya. Wallahi ya taɓa ni. Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ganyen zai ga kunyar ta wuce nan: bayan furen da ake gani, yana fitar da wasu ƙanana da ba sa buɗewa sam, a rufe suke yin iri. Da idona na ga tururuwa na jan ƙwayar irin zuwa raminta saboda ɗan maiƙon da ke jiki, daga baya sabon tsiro ya ɓullo a tsagar siminti. Ko ƙamshinsa haka yake, ka shaƙa sau biyu ya ɓace maka, sai an jima ya dawo, domin sinadarin da ke ciki yana dakushe hanci na ɗan lokaci.

Sai dai maganar da ta fi zauna mini ita ce ta wani dattijo malamin zaure. Ya ce, "Ɗana, me ya kai ku ƙirƙira? Ai banafsaj ne, yana nan cikin littattafan ɗibbu." Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani. Daga harshen Farisa Larabawa suka aro kalmar, kuma likitocinsu na dā sun yi amfani da furen da mansa wajen tari da ciwon kai. A Faransa, birnin Tuluz ya yi suna da alewar furen nan da turarensa. Mu da muka karɓi albasa da alkama da kanumfari daga Larabci, harshenmu ba zai yi tuntuɓe da wannan ba.

Don haka ni dai na tsaya a kan banafsaji. Wanda ya tsiro da kansa, banafsajin daji. Sunkuyau kuma ba zan yar da shi ba, na ajiye shi a matsayin kirari. Jiya na gwada wa Inna, ta maimaita sau ɗaya ba gargada, sannan ta ce in cirar mata reshe biyu ta dasa kusa da randa, inda ƙasa ba ta bushewa.