Nakasa na ƙaruwa, hoton MRI bai nuna sabon tabo ba: ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa likitocin jijiya. Ana neman shawararku kan mai cutar MS (multiple sclerosis, cutar da garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) da ke karɓar maganin ocrelizumab, miligiram 600 ta jijiyar jini duk wata 6. Cutar ba ta sake tasowa ba, hoton ƙwaƙwalwa da na laka ba sabon tabo, amma makin EDSS (ma'aunin nakasa a cutar MS) ya tashi daga 4.0 zuwa 5.5. Wato wanda ke tafiyar mita 500 ba sanda, yanzu mita 100 kawai yake iyawa. An sake aunawa bayan wata 6, makin bai sauka ba.

An duba fitsari, ba ƙwayar cuta, domin ciwon mafitsara da zazzaɓi kan tsananta alamomin na ɗan lokaci. Gwajin bitamin B12 da na tayroyid (ƙullun da ke gaban wuya) lafiya lau, ba matsewar laka a wuya.

Abin da ya ɗaure kai: a koma siponimod, wani maganin MS na sha? Sai an gwada CYP2C9 (ƙwayar gado da ke shafar yadda jiki ke sarrafa maganin) tukuna, kuma amfanin siponimod ya fi bayyana ga wanda cutarsa ke da kumburi mai aiki, wanda a nan babu. Ko a ci gaba da ocrelizumab, a ƙara fampridine (maganin inganta tafiya) miligiram 10 sau biyu a rana tare da fisiyo (atisayen motsa jiki na asibiti), tunda ƙoda lafiya kuma ba tarihin farfaɗiya?